Attaruhun Saraya Bai Manta Da Rana Ba

Shekara takwas ke nan cif da rasuwar Saraya. A watan Maris ta tafi, ranar Talata, tsakanin azahar da la'asar. A bakin rafin da ke bayan Madalla ta faɗi. Ni ce a tsaye a kanta.

Ban yi boko ba, ko a allo ban yi nisa ba. Sunana Habi. Shinkafa da wake nake sayarwa a bakin titin Gauraka, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ni da doguwar magana. Wannan da kuke karantawa, faɗa nake yi ana rubutawa. Mai rubutawar Rahila ce, 'yar Saraya, wadda ta dawo hannuna tana da shekara goma sha huɗu, ta kira ni Inna tun daga ranar. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta ƙara mini gishiri. Ta ce to.

A gidan haya muka haɗu da uwarta, a Madalla. Ɗaki goma sha biyu, rijiya ɗaya, bayan gida ɗaya. Ƙofata tana kallon ƙofarta. Daga ƙasar Filato ta biyo mijinta, birkila ne mai zuwa aiki Abuja, ya faɗo daga bene Rahila tana rarrafe. Ni kuwa kafin nan na binne miji, na binne 'ya'ya biyu, an rushe mini rumfa sau biyu. Ba wanda ya taɓa ganin hawayena. Na ɗauka wannan shi ne ƙarfi. Ran Lahadi in ta tafi coci ni ke duba mata tukunya, da azumi ita ke kai mini markaɗe. Ba mu taɓa zama mun ce mu ƙawaye ne ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, shi ke nan.

Hausarta irin ta mutanen kan dutse ce, ba ta raba mace da namiji. Har ta koma ga Allah "kai" take ce mini. Na gyara mata na gaji, na bari.

Sana'arta noman rani. Ta kama ɗan fili a bakin rafi tana shuka attaruhu, amma renon irin a gida take yin sa, cikin tsofaffin robobin wanka da suka ɓule. A nan ne take yin abin da ya sa gidan duka ya ɗauke ta mai taɓin hankali. Kowa ya san jaririn shuka inuwa yake so. Ana yi masa rumfar ciyawa, ana yayyafa masa ruwa, ana lallaɓa shi. Ita kuwa da zarar tsiron ya yi ganye huɗu, sai ta jira rana ta take tsaka, ta ɗauko robobin nan ɗaya bayan ɗaya ta jera su a tsakar gida, a kan siminti, inda ko kaza ba ta yarda ta taka. Ta tsuguna a gefe tana kallonsu. Can sai ta miƙe da sauri ta kwashe su ta mayar gindin bango, ta rufa musu jiƙaƙƙen buhu. Washegari ba ta fito da su. Ranar hutu ce. Jibi ta sake fitowa da su, su ɗan fi daɗewa. Haka har mako biyu, kafin ta kai su bakin rafi ta dasa.

Matan gida suka sa wa abin suna. In ta ɗauko roba sai a ce Maman Rahila za ta kai 'ya'yanta makaranta. Wata 'yar kudu mai sayar da gwanjo takan leƙo ta taga ta tambaye ta ko soya attaruhun take so ta yi tun bai haihu ba. Ni ban iya tsokana ba, gaskiya nake faɗa. Na ce mata wahalar banza take yi. Ta ce a wurin kakarta ta gani, shuka tana da tunani, in ta ɗanɗani rana tana ƙarama, ba za ta firgita ba ranar da babbar ta zo. Na ce icce ba shi da kai, a ina zai ajiye tunanin?

Ta dube ni ta ce, "Yaya Habi, kai da ke da kai, me ka tuna? Jiya ma ka manta gishiri a miya."

Na taɓa tambayar ta yadda take sanin lokacin mayar da su, tunda ba ta da agogo. Ta ce ba agogo ake dubawa ba, ganye ake dubawa. In ya fara sunkuyar da kai kamar wanda aka yi wa faɗa, to ya ji, a kai shi inuwa. In aka ƙara ko kaɗan, ya wuce horo ya zama kisa. Ta ce fitar da shi rana kowane wawa zai iya, mayar da shi inuwa a kan kari shi ne aikin. Na ji maganar da kunnena. Ku riƙe ta, zan dawo kanta.

Akwai abu na biyu da take yi. Sauran manoma a girbin farko suke cire iri, su zaɓi manyan 'ya'ya masu sheƙi. Ita sai ta jira tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke kakkaɓe fure, gonakin mutane su koma ganye zalla. Sai ta bi gonarta tana duba gindin da ya riƙe furensa bai zubar ba, ta ɗaura masa jan tsumma. Gindi mai jan tsumma ba a taɓa shi, ko da miyar gida za ta kwana lami. A jikinsa kaɗai take cire iri, ta shanya a inuwa, ta cuɗa da toka, ta ɗura a kwalbar maganin tari ta toshe. Shekara goma sha ɗaya tana wannan. Abin da ya fito daga ciki ƙaramin attaruhu ne, ba shi da kyan gani, amma yana haihuwa a lokacin da na kowa ya tsaya. Da shi nake yin miyata. Direbobin da ke tsayawa wurina sun san shi, sukan ce a zuba musu mai sa gumi. Masu dariya a tsakar gida su ne suka koma bin ta da ƙoƙo. Mai haƙuri yakan dafa dutse, ita har romon ta raba wa maƙwabta.

Nakan tambayi kaina, da za ta leƙo yau, me za ta ce? Filin bakin rafi babu shi. An yanka an sayar, rabinsa gidaje, rabinsa wurin buga bulo. Mangwaron da muke ajiye goran ruwa a gindinsa an sare shi. Gidan hayarmu an rushe an yi jerin shaguna, wurin da take jera robobinta yanzu mai gyaran waya ne a kai. Shi ya sa na dawo Gauraka. Zafi kuwa, ban da ma'auni sai jikina, kuma jiki magayi. Na san da can mukan kai azahar a bakin rafi muna aiki, yanzu tun hantsi ƙeya take soyuwa. Masu kawo mini kayan miya daga wajen Gawu Babangida bakinsu ɗaya: fure yana zuba, tsiro yana ƙonewa a mako na farko. Iri a fakiti suke saya, da hoton jan attaruhu kamar ka ɗauka ka ci, su rene shi a inuwa, su kai gona, rana ta gaishe shi sau biyu ya kwanta. Na san abin da Saraya za ta ce. Za ta ce ba laifinsa ba ne, ba wanda ya gaya masa abin da ke jiran sa.

Kuma za ta tambaye ni ina kwalbarta. Wannan ce tambayar da nake gudu.

Rahila ta yi karatu. Da kuɗin shinkafa da taimakon mutanen cocinsu ta shiga kwalejin koyon aikin gona, bana take gamawa. Hutun ƙarshen shekarar da ta wuce ta zo gida, muna tsinar wake a rumfa, sai ta ce yau da Mama tana raye da ta yi rawa. Na ce a kan me? Ta ce abin da aka koya musu a aji, shi ne abin robobin nan.

Ga yadda na fahimta, in na yi kuskure ta gyara tana rubutawa. A cikin kowace shuka akwai wasu ƙananan abubuwa da ido ba ya gani, ana ce musu ƙwayoyin gado, su ke ba da umarnin yadda za ta rayu. Wasunsu barci suke yi sai zafi ya tashe su. In sun tashi sai su sa shukar ta haɗa abin da zai kare cikin ganyenta kada ya dahu, kamar yadda ƙwai ke daskarewa a kasko. In zafin ya wuce, ba sa komawa barci mai nauyi. Shukar takan bar alama a kansu, kamar ƙofar da aka turo ba a sa mata sakata ba. In zafi ya dawo, kafin ya yi ɓarna sun riga sun miƙe. Ta ce wannan tunawar ta 'yan kwanaki ce, tana dusashewa, shi ya sa ake maimaitawa. Ta ce kuma sai zafin farko ya zama daidai, sai kuma an ba ta hutu a tsakani, don a lokacin hutun take shirya kanta. Zancen jan tsumma kuwa ta ce wannan gado ne, ka zaɓi masu juriya su haifi masu juriya. Ko tunawar da kanta tana bin iri ta shiga jikoki, ta ce masana ba su gama gardama a kai ba.

Na ce to, su ci gaba da gardamar, uwarki ta riga su da tsohuwar robar wanka.

Sai ta ce, abin baƙin ciki irin ya ɓata. Na tashi na shiga ɗaki, na buɗe akwati, na ɗaga zannuwa, na ɗauko kwalbar na ajiye a gabanta. Tun da na tsince ta cikin kayan Saraya, shekara takwas tana nan. Ban taɓa buɗewa ba, ban taɓa gaya wa kowa ba.

Na ɗauka za ta yi murna. Ta riƙe kwalbar da hannu biyu, ta girgiza ta a hankali, ta ce, "Inna, iri fa rai ne da shi. Numfashi yake yi a ciki. Ba a ajiye shi kamar zinari, mutuwa yake."

Ban san haka ba. Ko kuma na sani, na ƙi tunawa. Ni a ganina adana ta nake yi. Ashe a hankali nake kashe abin da ta yi shekara goma sha ɗaya tana ginawa, cikin akwati, ƙarƙashin zanin sallata. Duk garin nan ba wanda ke da wannan iri. Waɗanda suka karɓa a hannunta sun daɗe da gauraya shi da na kasuwa. Abin da ya rage na aikin Saraya a duniya bai cika cokali biyu ba, har da tokar.

Muka samo roba, muka huda gindinta da ƙusa mai zafi, muka haɗa ƙasa da taki. Rahila ta ce mu zuba duka, babu amfanin rage wa baɗi, abin da bai tashi bana ba ba zai tashi ba har abada. Muka zuba. Ta koma makaranta a farkon Janairu, ta bar ni da robar. Kwana goma ba komai. Kwana goma sha biyar ba komai. Na daina dubawa da safe, sai in wuce in zuba ruwa ina kallon wani wuri. A kwana na goma sha tara na ga kore. Guda uku. A cikin duk abin da kwalbar ta ƙunsa, uku.

Na kira Rahila a waya na gaya mata. Ta yi kuka ta yi dariya, ta ce in sun yi ganye huɗu in yi musu yadda Mama take yi. Na ce to. Suka yi ganye huɗu. Rana ta take tsaka, na sunkuya na kama bakin robar, hannuna ya ƙi ɗagawa. Ni da ke sauke tukunyar mudu goma daga murhu ni kaɗai. Na koma na zauna. Washegari haka. Kwana huɗu ina gaya mata a waya an fitar da su, ƙarya nake yi.

Yanzu zan faɗi dalili. Rahila, rubuta, kada ki tsaya.

A shekarar da ta rasu, Saraya ta yi ta fama da ciwon kai. Mai kemis ya auna ta ya ce jininta ya hau, ta rage shan rana. Ta gaya mini. Na ce mata duk wanda ya je wurinsu sai sun samo masa cuta. A lokacin ni ma na kama fangalin shuka kaɗan kusa da nata. Injin ban-ruwan da muke ara ya lalace, muka koma ɗiba da garwa daga rafi. Ranar Talatar mun makara, ni kuma ina sauri in koma in ɗora tukunyar yamma. Muna cikin jigila sai ta ajiye garwa ta zauna a kan kunya. Fuskarta ta canza, na gani. Leɓenta ya bushe, idonta ya yi ja, kanta ya sunkuya.

Ta ce, "Yaya Habi, kaina yana juyawa. Mu je gindin mangwaro kaɗan."

Na ce, "Ke mai horar da attaruhu, rana za ta kayar da ke? Tashi, saura fangali shida."

Ta yi 'yar dariya. Ta dafa gwiwa ta tashi. Ta kai garwa ɗaya, ta kai ta biyu. A ta uku ta faɗi da fuskarta cikin laka. Na juya ta, na kwara mata ruwa, na kira sunanta. Masu wankin babur suka taimake ni muka fito da ita titi muka sa a keke mai ƙafa uku. Kafin mu isa asibiti a cikin Suleja ta cika a kan cinyata. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a kanta, ya ce irin wannan ko a kan gado yana samun mutum. Na riƙe wannan magana shekara takwas kamar mai riƙe da reshe a bakin rijiya. Duk wanda ya tambaye ni na ce faɗuwa kawai ta yi. 'Yan'uwanta da suka zo ɗaukar gawa haka na gaya musu. 'Yarta ma haka na gaya mata.

Mangwaron bai fi taku ashirin daga inda ta zauna ba.

A nan Rahila ta ajiye biro. Ranar ta fara jin wannan. Ta ɗauki mayafinta ta fita, ta tafi wurin wata 'yar cocinsu a Madalla. Abin da ya biyo baya bayan kwana uku muka rubuta shi.

Na san ajali ba ya jiran kowa. Malamai sun gaya mini, na yarda. Wataƙila ko da mun je inuwar, ranar ce ranarta. Amma magana zarar bunu ce, kuma ni na san abin da na zara. Matar da ta koya mini cewa ganye ake dubawa, ta sunkuyar da kai a gabana, na gani, na ce ta tashi. Ba don ƙiyayya ba. Ni haka duniya ta yi mini. Ranar da na binne ɗana na biyu, da yamma na ɗora tukunya, don ba wanda zai ɗora mini. Ba wanda ya taɓa kwashe ni ya kai gindin bango ya rufa mini jiƙaƙƙen buhu. Na sha rana ban mutu ba, sai na ɗauka haka ake yi wa kowa. Ashe ni ba horarriya ba ce, ƙonanniya ce da ta ƙi faɗuwa. Da na sani ƙeya ce.

Shi ya sa ban sake taka bakin rafin nan ba. Shi ya sa na kulle kwalbar. Shuka irin yana nufin wata rana sai na ɗauki abin Saraya na kai shi rana da hannuna, kuma na riga na san abin da hannun nan ya iya.

Tsiron nan uku kuwa, a kwana na biyar na fitar da su rana. Ba ƙarfin hali ba ne. Na ga sun fara tsawo suna sirancewa, suna leƙen haske, na san in na bar su a haka ranar dashe ce ranar mutuwarsu. Na bar wa maƙwabciyata rumfa, na kai robar bayan ɗaki inda babu inuwa, na tsuguna kamar yadda take yi. Ban sa mayafi a kaina ba, don in ji abin da suke ji. Ban kalli komai ba sai ganyen. Ina jin muryarta kamar tana bayana: Yaya Habi, ka duba ganye. Da na ga na gefe ya fara sunkuyawa na sure robar da gudu. Wani mai facin taya da ke kallona ta kan katanga ya tambaya ko wuta ce ta kama. Na ce masa ya ji da tayarsa.

Mako biyu na yi ina kai su makaranta. Na ba su ranakun hutunsu ban tauye ko ɗaya ba. Duk da haka ɗaya ya mutu a roba. Ban sani ba ko na wuce da shi, ko dama tsufan irin ne ya hana shi ƙarfi. Biyu na dasa a bayan ɗaki, na kewaye da ƙaya saboda awaki. Da Maris ya kama, zafi ya sauko da gaske, ɗayan ya yi fure ya zubar, ya bushe daga sama. Ba zan yi muku ƙarya in ce dabarar tana ceton kowa ba. A cikin uku, ɗaya ya rage.

Wannan ɗayan yana nan. Gajere ne, ganyensa ƙanana, ba mai tsayawa ya kalle shi. Da azahar yakan yi laushi kamar ya gama, da la'asar ya miƙe. Ya riƙe furensa. Yau da safe na ƙirga 'ya'ya bakwai, duk kore. Rahila ta ce attaruhu yana iya haihuwa shi kaɗai ba sai da ɗan'uwa a kusa ba, in bakwai ɗin nan suka nuna, za a samu irin da zai cika robobi. In akuya ta tsallaka ƙaya, ko tsutsa ta shiga, shi ke nan an rufe littafin Saraya. Tsakanin rumfa da bayan ɗaki nakan yi sawu goma a wuni.

To me ya rage na mutum bayan shekara takwas? Hotonta ɗaya ne, na ranar bikin coci, ya fara cin ruwa. Kabarinta yana can ƙasarsu, ban taɓa zuwa ba. Gidan da ta zauna babu, gonar da ta noma babu, matan da suka yi mata dariya sun watse, kowa ya kama gabansa. Direbobi sun daina tambayar mai sa gumi. Addininta daban nawa daban, ban san yadda ake yi mata addu'a a wurinsu ba, nakan dai ce Allah Ka san baiwarka, Ka san ba ta taɓa cutar ko tsiro ba. Abin da na ga ya rage shi ne 'ya mai ilimin da ya gaskata uwarta, da gindin attaruhu ɗaya wanda bai taɓa ganin Saraya ba, amma duk azahar yana yin abin da kakannin kakanninsa suka koya a hannunta. Irinsa ya yi shekara takwas a cikin toka da duhu, ya fito bai manta ba. Ni mai kai, sai da na binne ta na tuna.

Rahila ta dawo jiya da hantsi. Ba ta shigo rumfa ba, bayan ɗaki ta wuce. Na bi ta na tsaya daga nesa. Ta daɗe tsugune a gaban shukar. Sannan ta kwance ɗankwalinta, ja ne, ta sa haƙori ta yage bakinsa, ta ɗaura a gindin. Ta taso ta wanke hannu, ta ɗauki biro da takarda ta zauna a kan benci.

Ta ce, "Ina muka tsaya?"

Ba ta ce Inna ba. Tun jiya har zuwa wannan layi da take rubutawa ba ta faɗa ba. Ta ci abincina, ta taya ni wanke kwanuka, amma kanta a sunkuye yake, na gani. Na san alamar yanzu. Na ɗora mata rana mai yawa a wuni ɗaya. Ko kwana nawa za ta ɗauka, ko shekara nawa, ga inuwa nan, ga ruwa a randa.

Ba zan ce mata tashi ba.